Mary-Dell Chilton da Bakteriyar da Ta Riga Masana Sauya Halittar Tsiro

A gonakin inabi da na tuffa a Turai da Amurka akwai wata cuta da manoma suka daɗe suna kuka da ita. Ƙari ne ke fitowa a gindin bishiya, daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, ya yi ta kumbura, mai kaushi da ƙululu, har bishiyar ta tsumbure. A 1907 wasu masana biyu na ma'aikatar noma ta Amurka, Erwin Smith da Charles Townsend, suka gano cewa wata bakteriya ce da ke zaune cikin ƙasa take haddasa shi, tana shiga ta wurin da tsiron ya ji rauni. Ita ce ake kira Agrobacterium tumefaciens a yau.

Gano mai laifi bai kashe maganar ba. A shekarun 1940 Armin Braun na Cibiyar Rockefeller ya nuna wani abu da ya ɗaure wa kowa kai: ko an kashe bakteriyar ƙurmus, ƙarin ba ya daina girma. A yanko shi a sa a kwanon gwaji, zai ci gaba da tofo ba tare da sinadaran girma da naman tsiro mai lafiya ke buƙata ba. Ke nan bakteriyar ta bar wani abu a jikin tsiron kafin ta mutu, abin da ya sauya shi har abada. Menene shi? Kusan shekara talatin aka yi ana wannan tambaya, kuma matar da ta jagoranci kawo amsar ta shiga aikin ne da niyyar ƙaryata masu hasashen da daga baya ya tabbata.

An haifi Mary-Dell Chilton a birnin Indianapolis a 1939. Ilimin sinadarai ta karanta a Jami'ar Illinois, inda ta sami digirin digirgir a 1967, sannan ta wuce Jami'ar Washington da ke Seattle. Ba masaniyar tsirrai ba ce a lokacin. Gwanintarta a DNA take, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado na kowace halitta, musamman dabarar auna ko wani yanki na wannan zare yana ɓoye cikin wani. A can ta haɗu da Eugene Nester, masanin ƙananan halittu, da Milton Gordon, masanin sinadaran jiki. Maganar da ke yawo a lokacin ita ce wai bakteriyar tana zuba DNA ɗinta cikin tsiro. Chilton ba ta yarda ba, kuma tana da hujja, domin ilimin wancan zamani bai san wata hanya da gadon bakteriya zai shiga gadon tsiro ya zauna ba. Gwaje-gwajenta na farko ma sun nuna cewa rahotannin da aka buga a baya ba su da tushe mai ƙarfi.

Sai labari ya zo daga birnin Ghent na Beljiyam a 1974. Jozef Schell da Marc Van Montagu da abokan aikinsu sun gano cewa nau'in bakteriyar da ke jawo ƙari yana ɗauke da wani babban zoben DNA na daban, wanda ake kira filasmid, nau'in da ba ya cutarwa kuma ba shi da shi. Bincike ya koma kan wannan zobe.

Yadda Chilton ta yi aikin ya cancanci a tsaya a kansa. Zaren DNA tufka biyu ne. Idan aka dafa shi sai tufkar ta rabu, idan ya huce kowane sili ya nemi abokinsa ya manne. Yawan silin da suka dace da juna a cikin ruwan, saurin mannewarsu. Saboda haka idan ka yi wa DNA ɗin filasmid alama da wani sinadari na musamman, ka gauraya shi da na ƙarin tsiro, ka ga ya manne da sauri fiye da yadda ya saba, to akwai irinsa a cikin ƙarin. Da aka gwada da zoben gaba ɗaya, sakamakon bai fito fili ba. Mutum mai son ra'ayinsa da a nan zai rufe littafi ya ce ya yi nasara. Ita kuwa ta yi tunanin cewa wataƙila ba zoben duka ke shiga ba, ɗan yanki ne, kuma sauran ya danne alamarsa. Sai suka yayyanka zoben gunduwa-gunduwa da sinadarin da ke yanka DNA a wurare sanannu, suka gwada kowace gunduwa ita kaɗai, duk ɗakin binciken suka duƙufa dare da rana suna karɓa-karɓa. Alamar ta bayyana a ɗan yanki kaɗan. A 1977 suka buga sakamakon a mujallar Cell, sunanta ne a gaba. Abin da ta zo rusawa, da hannunta ta kafa shi.

Wannan yanki shi ake kira T-DNA, kuma abin da ke cikinsa ya bayyana komai. Wasu ƙwayoyin gadon suna sa tsiro ya riƙa ƙera sinadaran girma ba ƙaƙƙautawa, shi ya sa ƙarin Braun bai buƙaci a ba shi ba. Wasu kuma suna sa shi haɗa wani abinci na musamman da bakteriyar ke ci, wanda tsiron kansa ba ya amfana da shi. Tamkar baƙo ne ya sauka a gidanka, ya sa ka gina masa ɗaki, ya kuma sa a riƙa girka tuwon da shi kaɗai zai iya ci.

A 1979 ta koma wata jami'ar mai suna Washington, ta birnin St. Louis. Tambaya ta gaba a bayyane take: in dai bakteriya ta iya kai saƙo cikin gadon tsiro, me zai hana a cire na cutar a sa wanda ake so? Tare da Andrew Binns da Kenneth Barton suka kwance wa filasmid ɗin makami, suka sa masa ƙwayar gado ta yis, suka shigar cikin tsiron taba. Tsiron ya tashi lafiya ƙalau, ya yi fure, ya yi iri, 'ya'yansa kuma suka gaji sabuwar ƙwayar. A watan Janairun 1983, a wani taron masana a Miami, ƙungiyoyi uku suka gabatar da nasarorinsu a zama ɗaya: ta Chilton, ta Ghent, da ta kamfanin Monsanto inda Robert Fraley yake. Daga nan ake lissafin farkon zamanin irin da aka sauya wa ƙwayar gado.

A wannan shekarar ta bar jami'a ta shiga kamfanin Ciba-Geigy, ta kafa masa cibiyar bincike a jihar Karolina ta Arewa. Kamfanin ya rikiɗe ya zama Novartis, sannan Syngenta, kuma masarar farko mai kare kanta daga tsutsar kara da ta shiga kasuwar Amurka a tsakiyar shekarun 1990 daga can ta fito. Abin da ya fi burge ni shi ne, bayan shekarun shugabanci ta koma kan bencin gwaji da hannunta, ta ci gaba har ta yi ritaya a 2018. A 2013 ita da Van Montagu da Fraley suka karɓi Kyautar Abinci ta Duniya, kyautar da ta jawo suka mai zafi saboda biyu daga cikinsu ma'aikatan manyan kamfanonin iri ne.

Aikin nan ya iso gonakinmu. Duk mai noman wake ya san tsutsar nan da ke cinye fure ta huda kwanso, wadda a mummunar shekara kan tafi da mafi yawan amfanin gona. Da Agrobacterium ɗin nan ce masana a Ostiraliya, ƙarƙashin T. J. Higgins, suka sa wa wake ƙwayar gado mai kashe wannan tsutsa, sannan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, da Farfesa Mohammad Ishiyaku a gaba, ta shigar da ita cikin irin da manoma suka sani. A 2019 Nijeriya ta amince da shi da sunan SAMPEA 20-T. Masu irin sun ce feshin da kan kai sau shida zuwa takwas a damina yana iya saukowa zuwa biyu. Wanda ya taɓa ganin yaro da famfon feshi a baya, ba takalmi ba abin rufe hanci, ya san girman wannan magana.

Masu ɗari-ɗari da irin nan suna da tambayoyin da suka cancanci amsa. Wa ke riƙe da haƙƙin mallakar iri? Manomi zai iya ajiye nasa ya shuka baɗi? Wa ke sa ido idan tsutsar ta saba da dafin da waken ke kashe ta da shi? Kamfanonin da suka gaji wannan bincike sun shafe shekaru suna shari'a da juna a kan wa ya mallaki dabarar, don haka tsoron manomi ba na banza ba ne, kuma hukumomi ne ya kamata su amsa masa dalla-dalla da harshen da yake ji. Inda ban bi su ba shi ne cewar wai ɗan Adam ne ya fara ƙetare iyakar da ke tsakanin bakteriya da tsiro. A 2015 masana daga Ghent da Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Lima a Peru suka bincika nau'o'in dankalin Hausa 291 daga sassan duniya, suka tarar da T-DNA na Agrobacterium a cikinsu, ya shiga tun dubban shekaru da suka wuce, kafin a san wani abu wai shi ɗakin gwaji.