Almakashi Mai Haƙora Da Gashin 'Ya'yanmu

'Yan'uwana mata, a makon jiya wata ɗalibata ta shigo aji ta ƙi cire ɗankwali ko da muka zo duba tsabta. Da na lallashe ta sai na ga kitson duk ya yi tsiri-tsiri kamar kaikayi. Ashe uwar ce ta gaji da kukan ranar tsifa, ta aro almakashi mai haƙora wurin wani mai aski a Jega, ta rage mata gashi tun daga tushe.

Wannan almakashi dabam yake da na tela. Bakinsa ɗaya kamar mataji yake, sau da yawa da haƙora 25 zuwa 40. In an datse, wani gashin ya yanke, wani ya tsira ta tsakanin haƙoran. Watau cika yake ragewa, tsawo na nan. Masu aski a Jega da Aliero da Maiyama sukan sa shi ne don daidaita suma bayan an gama aski, shi ma kaɗan-kaɗan.

To, gashinmu murɗaɗɗe ne. Wanda aka yanke kusa da fata, in ya taso tsaye yake tsayawa, ya ƙi shiga kitso, har ma ya tura na samansa kan ya ƙara kumbura. Gashi kuwa a wata guda bai cika wuce rabin inci ba. Ku lissafa watannin da yarinyar nan za ta yi tana ɓoye kai.

In ya zama dole, a bari gashi ya bushe sarai, don jiƙaƙƙe yana manne wa juna a yanke fiye da kima. A taje shi ya miƙe. A kama ɗan tsagi, a datse sau ɗaya daga tsakiya zuwa baki, a buɗe almakashin kafin a janye, a sake tajewa a duba. Kada a maimaita a wuri guda, kada kuma a taɓa gaban goshi da gefen kunne. Na aro kuwa a wanke shi da sabulu a goge da sifirit, saboda makero.

Ni dai a ganina yawancin 'ya'yanmu ba su bukatarsa. Da na je gidan, na ce wa uwar, "Inna, ki riƙa shafa mata man kaɗe da dare, ki raba kan gida huɗu, ki fara taza daga baki ki gangara tushe." Yanzu dai manyan kalaba ake yi mata, kafin guntayen su kamo sauran.