Yadda kasuwar Treichville ta ɗaga faifan Alpha Blondy

Faifan da Alpha Blondy ya fitar a 1984 sunansa "Cocody Rock", wato ya ari sunan unguwar masu hannu da shuni ta Abijan. Amma waɗanda suka ɗora shi a ka suka yi yawo da shi 'yan Treichville da Adjamé ne: masu tebur, 'yan dako, da yaran motar gbaka da ke rataye a ƙofa suna kiran fasinja.

Kafin nan hanya ta riga ta buɗe. Bob Marley ya rasu a watan Mayun 1981, ya bar samarin Afirka da ƙishirwar rege, sai dai yawancinsu kiɗan suke bi, Turancin Jamaika kuwa sai dai su gyaɗa kai. Ana nan sai Seydou Koné, wato Alpha Blondy, haifaffen Dimbokro, ya bayyana a shirin talabijin na Roger Fulgence Kassy, sannan ya fitar da "Jah Glory" a 1982. A ciki akwai "Brigadier Sabari", labarin samamen 'yan sanda da dukan da ya biyo baya. Da Julanci ya rera ta, kuma a ganina nan gizo ke saƙar. Julanci ne harshen ciniki a Abijan. Bahaushen Nijar mai albasar Galmi, ko mai soya kifi a rumfar abincin garba, da shi yake taya kaya da mutumin Mali ko na Burkina. Wanda ya taɓa kwana a bayan kanta saboda ba ya ɗauke da takarda bai buƙatar tafinta.

Zamanin ma ya taimaka. Farashin koko ya faɗi, aikin yi ya yi wuya a ƙarƙashin mulkin Houphouët-Boigny, zaman kashe wando ya yi yawa.

Sai kaset. Mai rumfa ya kafa lasifika, ya ƙure murya tun safe, wanda waƙa ta burge ya miƙa kuɗi a ɗaukar masa a kan kaset marar komai. Haka faifan ya bi motocin goro zuwa Yamai da Maraɗi ba tare da kamfani ya kashe sisi ba. Suna ya tafi, kuɗi ya maƙale a hannun masu satar fasaha; hukumar BURIDA mai kare haƙƙin mawaƙa ta yi ta kame, ba ta ga bayan abin ba. Mawaƙi sai ya dogara da taron wasa da kasuwar Turai, Alpha da ƙungiyarsa Solar System kuma suka ƙara wa kiɗan kaifin jita irin ta rock. A 1986 ya ɗauki "Jerusalem" a Kingston tare da The Wailers, a 2007 har waƙar Pink Floyd ya mayar rege.

A gida kuwa, rege ya zama bakin talaka. Ismaël Isaac ya taso daga Treichville, Tiken Jah Fakoly daga Odienné, wanda kaifin harshensa ya kai shi gudun hijira Bamako a 2003. Daga baya kiɗan zouglou da na coupé-décalé suka ƙwace lasifikokin kasuwa. Masu kaset na jiya su ne suka koma lodin waƙa a waya a Adjamé, har yanzu kuma ana tambayar su tsofaffin waƙoƙin Alpha.