Masu Haɗa Manhaja da Zane da Allonsu na Biyu

Daga Hunkuyi zuwa Samaru ba wata tafiya ba ce, don haka ba a rasa 'ya'yan ƙasar Kudan da Makarfi da Ikara a ajujuwan injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Nuhu Bamalli da ke Zariya. Ɗaiɗaiku daga cikinsu sukan dawo gida da sana'ar da iyaye ba su san sunanta ba. In ka tambayi dattijo me ɗansa ke yi, sai ya ce maka, "Yana dai taɓa kwamfuta." Abin da yaron ke yi kuwa shi ne haɗa manhajar da za ta sa inji ya auna zafi ko laima, ya kunna kansa, ya kuma kashe kansa in aiki ya isa.

Ba duka masu wannan sana'a ne ke rubuta dogayen layuka na Turanci da alamomi ba. Akwai masu zanawa. Fitacciyar manhajarsu ita ce LabVIEW, wadda kamfanin National Instruments na birnin Austin a Amurka ya fitar a 1986. Ɗaliban injiniya kuma sun san Simulink, yara 'yan koyo suna farawa da Scratch. A LabVIEW mutum akwatuna yake jerawa, wannan na tarawa, wancan na kwatantawa, sannan ya ja waya daga wannan zuwa wancan. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadamar tumatir ya riga ya gane dabarar: ruwa ba ya shiga fangali sai an buɗe masa hanya, haka ma akwati ba ya motsi sai duk bayanan da yake jira sun iso ta wayoyinsu. Har launi wayoyin ke da shi. Ruwan lemo na lamba mai ɗigo ne, shuɗi na cikakkiyar lamba, kore na "e ko a'a", ruwan hoda na rubutu. Gwani da kallo ɗaya yake gane inda aka yi kuskure.

To, ina allo na biyu ya shigo? Kowane aiki a LabVIEW fuska biyu gare shi. Ɗaya ita ce wadda mai inji zai gani, mai maɓallai da ma'aunai da fitilu. Ɗayar ita ce ta bayan fage, inda akwatuna da wayoyi suke. Mai allo ɗaya yini zai yi yana danna Ctrl da E, yana tsalle daga wannan zuwa waccan, ko ya raba ƙaramin allon laftof gida biyu har ido ya yi masa ja. Mai allo biyu kuwa sai ya ajiye fuskar maɓallai a hagu, wayoyi a dama. Ya murɗa nan, ya ga abin da ya gudana can. A wurin farautar kuskure nan ne amfanin yake, domin akwai wata alama mai kamar ƙwan fitila da in an danna ta za a ga bayanai suna tafiya sannu a kan wayoyin, kuma kallon nan ba ya daɗi sai ana ganin ma'aunan a lokaci guda.

A garuruwan nan ba kowa ke iya sayen allo sabo ba. Laftof 'yar Kwatano ce, allo na biyu kuma sau da yawa talabijin ɗin ɗaki ce, a jona ta da wayar HDMI, a danna maɓallin Windows da P a zaɓi faɗaɗawa. Tana yi, sai dai rubutu kan ɗan yi dishi-dishi, kuma ta fi cin wuta. Ƙaramin allon kwamfuta na zamani bai cika wuce wat 20 zuwa 30 ba, amma ga mai dogaro da faranti ɗaya na sola da batir guda, ko wannan ma sai an yi lissafi. Shi ya sa wasu ke barin aikin wayoyi sai rana ta take, da dare su koma allo ɗaya.

Akwai kuma tarkon da yalwa ke jawowa, kuma a ganina ya fi rashin wuta illa. Sabon shiga in ya samu fili sai ya baje zane har ya cika allo biyu, wayoyi suna hawan juna. Ranar da aka buɗe aikin a ƙaramar kwamfutar mai kaya, babu mai iya bin sawunsa, har shi mai zanen. Tsohuwar ƙa'idar gwanaye ita ce zane ya tsaya cikin allo ɗaya. In ya fi haka, a dunƙule wani sashe ya zama akwati guda. Wani abin haushin kuma, manhajar tana tuna inda aka bar kowace taga. In ka ajiye aiki taga tana allon dama, ka cire waya ka tafi wurin mai kaya, tana iya buɗewa can gefe inda ido ba ya kaiwa. Mai hankali kafin ya rufe yakan dawo da komai allon laftof.

Aikin yi bai yi ƙaranci ba. Ga injinan matse rake na masu mazarƙwaila a Kudan da Makarfi, ga famfunan noman rani, ga firjin ajiye allurar rigakafi da ke buƙatar a riƙa lura da sanyinsa dare da rana. Tun 2020 ma akwai LabVIEW na kyauta ga mai koyo a gida, muddin ba kasuwanci zai yi da shi ba. Masu hali na waɗannan garuruwa da ke canza talabijin ko kwamfutar ofis, kada su jibge tsohon allon a sito; su nemi yaron unguwa da ke wannan koyo su miƙa masa.