Wa Ke Da Ikon Yi Wa Baƙi Afuwa A Amurka?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni fili in bayyana wa 'yan'uwa masu karatu wata gardama da ta daɗe a Amurka. Akwai mutum fiye da miliyan 10 da ke zaune can ba da izni ba. To, wa ke da ikon yafe musu, Majalisa ko Shugaba?

Bisa ga tsarin mulkinsu, Majalisa ke yin doka, Shugaba kuwa ya zartar. Haka aka bi a 1986. Majalisa ta yi doka, Shugaba Reagan ya sa hannu, mutum wajen miliyan 2.7 suka sami iznin zama. A 2010 aka kawo wata domin yaran da aka shigo da su suna ƙanana. Ta wuce a Majalisar Wakilai, amma a ta Dattawa ƙuri'a 55 ta samu, alhali 60 ake bukata.

Sai a 2012 Shugaba Obama ya ba da umurni, wanda aka shigo da shi bai cika shekara 16 ba a dakata da korarsa, a ba shi takardar aiki ta shekara 2, in ta ƙare ya sabunta. Hujjar mutanensa ita ce, kuɗi da ma'aikata ba su isa a kori kowa da kowa ba, tilas mai zartarwa ya zaɓi wanda za a fara da shi. A 2014 ya nemi ya haɗa da iyaye masu 'ya'ya 'yan ƙasa, jihohi 26 suka kai ƙara. Alƙalan Babbar Kotu suka rabu 4 da 4 a 2016, batun iyaye ya tsaya nan.

Ni dai a ganina kau da kai ga mutum ɗaya aikin Shugaba ne, amma raba wa dubu ɗaruruwa takarda ya yi kama da kafa doka. Duk da haka Majalisa na fi zargi, don ita ta bar aikinta. Ga shi kuwa abin da Shugaba ya rubuta na bayansa na iya gogewa. Shugaba Trump ya soke shirin yaran a 2017. A 2020 Kotu, da rinjayen 5 bisa 4, ta ce bai bi hanya ba wajen sokewa, amma fa ba ta ce shirin daidai ne ba. A 2021 wani alƙali a Texas ya hana a ba sababbin masu nema.

Jama'a ku duba, cikin yaran nan akwai wanda aka shigo da shi goye a baya, yau ya haura shekara 30, da mata da 'ya'ya, bai san wata ƙasa ba, amma izninsa na shekara biyu biyu ne.

Haza wasalam.