Daga Batirin BL-5C Zuwa USB-C: Me Ya Sa Caja Ɗaya Take Shiga Kowace Waya?

Idan ka taɓa kai waya wurin mai caji a Tsafe ko Bungudu shekarun baya, za ka tuna teburinsa: ga caja mai siririn baki ta Nokia, ga mai faɗi ta Samsung, ga ta Sony Ericsson can gefe. In babu irin taka, sai dai a ciro batirin a caja shi daban.

A wancan zamanin ma akwai abu ɗaya da ya haɗa kan kowa, wato batirin BL-5C na Nokia 1100. Kamfanoni suka yi ta kwaikwayon girmansa, har ya zama ana cire shi daga waya a sa wa ƙaramar rediyo. Ka ga amfanin a yi wa kaya ma'auni ɗaya, kamar bulon gini: ko wa ya buga shi, zai hau kan ɗan'uwansa.

Yau USB-C ce ta gaji wannan matsayi. An fitar da tsarinta a 2014, Apple ya koma kanta da iPhone 15 a 2023, kuma tun 28 ga Disamba 2024 dokar Tarayyar Turai ta wajabta ta a kan sabbin wayoyin da ake sayarwa a can. Mu a Gusau mun ci albarkacin dokar da ba tamu ba.

Sai dai fa kama da wane ba ta wane. Bakin ɗaya ne, cikin ya bambanta. Kafin wuta mai ƙarfi ta wuce, sai waya da caja sun daidaita da yaren da ake kira Power Delivery, wanda ke kaiwa har wat 240. In ba su fahimci juna ba, sai su tsaya a bolt 5, cajin ya yi ta jan ƙafa. Mu masu rubuta manhaja mun san wannan ciwon. Ni kaina na taɓa kwana uku ina neman kuskure, ashe tsarin saƙon da manhajoji biyu ke aika wa juna ne bai zo ɗaya ba.

Haka wasu fitilu da lasifikoki masu araha ba sa caji da kebul mai USB-C a bakinsa biyu, saboda an yi tsumulmular ƙananan resista biyu a ciki. Kada ka jefar da su. Gwada kebul mai babban kan USB. Kuma kafin ka biya kuɗin caja, duba jikinta ko an rubuta PD da adadin wat, ka jona wayarka a gaban mai shago.