Kafin Mu Sayi Fili a Amurka

'Yan'uwa, a Amurka mai gona kan ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare filaye cewa har abada ba za a yanka gonar fuloti-fuloti ko a cika ta da gine-gine ba. Gonar tasa ce, ya noma, ya sayar ko ya bar wa magada, amma sharaɗin yana bin ƙasar kamar na waƙafi. Duk shekara wakilin ƙungiyar yakan zagaya, ya gwada abin da ya gani da hotuna da taswirar ranar sa hannu. In an saɓa, magana kan kai kotu, har a rushe gini. Don haka in mun ga fili da araha, mu sa lauya ya binciki takardunsa kafin mu biya.