Auna Ƙurar Sararin Samaniya da Hasken Taurari

Sararin da ke tsakanin taurari ba fanko ba ne. Akwai iskar gas a cikinsa, haɗe da ƙwayoyin ƙura na kabon da silika, waɗanda akasarinsu ba su kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Tun da ba a iya zuwa can a ɗebo ƙurar, masana ilmin taurari suna auna ta ne da abin da take yi wa haske.

Na farko, ƙura tana dusashe haske, kamar yadda hazo ke rage hasken fitilar da ke nesa. A shekarar 1930 Robert Trumpler, wanda ke aiki a cibiyar Lick ta Amurka, ya nuna cewa tarin taurarin da ke nesa sun fi dusashewa fiye da yadda nisansu kaɗai zai jawo. Wanda bai lura da wannan ba zai ɗauka tauraro ya fi nisa, lissafinsa ya karkace.

Na biyu, ƙura ta fi watsa shuɗin haske a kan ja, shi ya sa tauraron da ke bayanta yake yin ja-ja, kamar rana gab da faɗuwa. Idan an san ainihin launin tauraro daga zafinsa, sai a gwada da launin da ya iso duniya. Bambancin shi ne ma'aunin ƙurar da ke tsakani.

Kusa da rana kuwa aikin ya fi wuya, domin ƙurar kaɗan ce. Rana tana cikin wani kogo mai faɗin kimanin shekarar haske 1,000, wanda fashewar manyan taurari ta share. A nan hanya ta uku take amfani. A 1949 John Hall da William Hiltner suka gano cewa hasken wasu taurari yana isowa yana kaɗawa ta fuska ɗaya fiye da sauran. Dalili shi ne maganaɗisun sararin yana jera ƙwayoyin ƙurar, su kuma su tace hasken.

Kumbon Gaia na Turai, wanda aka harba a 2013 ya kuma daina aiki a 2025, ya auna nisan taurari fiye da biliyan ɗaya. Da aka haɗa nisan kowane tauraro da jan launinsa, sai aka iya zana taswirar da ke nuna inda bangon kogon ya fara.